Macukule da Jim Crow

Idan azumi ya kwana goma, yaran Tudun Wadar Zariya sukan fito tashe, cikinsu har da Macukule, watau mai kwaikwayon Bagwari, sanye da tsummoki yana gwaranci. Mukan ce barkwanci ne.

A Amurka, wajen 1830, wani Bature, Thomas Rice, ya shafe fuska da baƙi yana kwaikwayon bawa, wai shi Jim Crow. Da sunan nan aka kira dokokin wariyar launin fata da suka ci har 1965.

Nauyinsu ba ɗaya ba ne. Amma fa barkwancin gaskiya ramawa ake yi, Zazzau kuwa ta daɗe tana kamo bayi daga ƙasar Gwari. Mutanen ma Gbagyi suke kiran kansu.