Auna Tsukewar Ƙofar Zuciya da Amon Sauti



A cikin zuciyar ɗan Adam akwai ƙofofi huɗu. Wadda zan yi magana a kanta ita ce maitiral, wadda ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa a gefen hagu. A ƙasashenmu, yawanci abin da ke ɓata ta shi ne ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a yi wa magani ba, ya zama zazzaɓin gaɓoɓi, leɓunan ƙofar su yi kauri su manne. Faɗinta a lafiyayye santimita murabba'i 4 ne zuwa 6. In ya koma 1.5 ko ƙasa, tsukewa ta yi tsanani, jini kan taru a huhu, numfashi ya gagara.

A 1953, a Lund ta ƙasar Suwidin, likita Inge Edler da masanin kimiyya Hellmuth Hertz suka fara aika sautin da kunne ba ya ji cikin ƙirji, suna karanta amonsa. Yau likita kan ga bakin ƙofar a allo, ya zagaye shi, na'ura ta ba da faɗinsa. Wannan hanya na fi yarda da ita, muddin an dubi wurin da ya fi ƙunci. In aka kauce sama kaɗan, ƙofa sai ta yi kamar ta fi yadda take faɗi.

Hanya ta biyu ta gudun jini ce. Duk wanda ya taɓa matse bakin tiyo ya san ruwa kan ƙara gudu. A ƙarshen shekarun 1970 Liv Hatle ta Norwe ta nuna cewa in an auna lokacin da matsin jini ke raguwa zuwa rabi, aka raba 220 da shi, za a sami faɗin ƙofa. Lokaci ya kai milisakan 150, faɗi ya kusa 1.5 ke nan.

Amma fa a yi hattara da matsin shi kaɗai. Zazzaɓi, ƙarancin jini da juna biyu duk suna ɗaga shi, ko da ƙofar ba ta ƙara tsukewa ba. Sau da yawa mace ba ta san da ciwon ba sai ta yi ciki, haki ya kama ta. A nan ne awon ke yanke hukunci: ko a tsaya ga magani mai rage bugun zuciya, ko a buɗe ƙofar da balan-balan kafin naƙuda.