Kafin Iskar Hunturu Ta Taso

Shekarar da damina ta yi albarka, ita ce shekarar da ya kamata a fi jin tsoron wutar daji. Ruwan da ya cika rumbu shi ne ya cika daji da gamba da ƙyasuwa, a wani wurin ma ciyawa ta shanye tsayin mutum. Da ruwa ya ɗauke a watan Oktoba sai ta fara bushewa a tsaye. Kafin Disamba iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara a bushe ƙayau, har laimar da ke cikinta takan gaza kashi 20 cikin 100. Bushewar da ke tsaga leɓe ta sa kaushi a ƙafa, ita ce ke tsotse ɗan ruwan da ya rage a jikin kara.

Siririyar ciyawa ba ta riƙe danshi. Ko ta sha raɓa da asuba, kafin azahar ta koma makamashi, shi ya sa gobara ta fi ɓarna tsakanin azahar da la'asar. Ita kuwa iska, kwantar da harshen wuta take yi a kan ciyawar da ke gaba, ta gasa ta tun wutar ba ta iso ba, sannan ta kwashi tartsatsi ta jefa can nesa. Tartsatsin nan ne yakan ci gida. Mutane na bakin gona suna bugun wuta da ɗanyen reshen darbejiya, ashe wani ɗan garwashi ya tsallake kansu ya sauka a kan jinka.

Masu tayar da wutar ba baƙi ba ne. Akwai yara masu farautar gafiya da zomo, da mai ɗiban zuma, da mai gawayi, da makiyayin da ke son sabon toho, da matafiyin da ya dafa shayi ya tashi bai rufe murhu da ƙasa ba.

Ghana ta ɗanɗana kuɗarta a 1983. Fari ya haɗu da gobarar daji, gonakin abinci da na koko suka ƙone, a shekarar da Najeriya ta kori 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka koma gida, aka shiga yunwa. A 1990 gwamnatin Ghana ta yi dokar hana ƙona daji, ta kuma tanadi 'yan sa-kai na kashe gobara a garuruwa da ƙauyuka. A ganina wannan tanadi na biyu ya fi haramcin amfani, domin ba ɗan sandan da zai tsare kowane yaro mai ashana a aljihu, motar kashe gobara kuma tana birni.

A Nijar, a yankunan kiwo na Tawa da Maraɗi da Damagaram, bayan damina akan ɗauki mutanen karkara aiki, a biya su, su share dogayen hanyoyi a cikin makiyaya, masu faɗin mita 15 zuwa 20. Da manjagara ake kwashe ciyawar har sai ƙasa ta fito fili, a tara ta a ajiye wa dabbobi ko a sayar da bazara. In wuta ta zo nan ba ta da abin ci. Ƙauyen da ba shi da mai biyansa yana iya yin haka da gayya, a fara da ɓangaren da iska ke fitowa. Ana cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, to a nan shafa wa naka kaɗai ba ya fid da kai, don dannin maƙwabci manne yake da naka.

Sai cikin gida, inda sakaci ya fi yawa. Dubi bayan gida a ƙarshen kaka: an jingina karan dawa da danni, an ɗora harawa a kan rumfa kusa da madafa, dammunan gero na jibge a masussuka ana jiran ranar sussuka, ƙaiƙayi ya taru a gindin rumbu. Duk wahalar shekara ce aka tara wuri ɗaya, kuma kowanne yana iya miƙa wa na kusa da shi wuta. A raba su. Kara da harawa su koma nesa da ɗaki, a share kewayen rumbu tas, kada a jera rumbuna baki da baki.

Ƙona daji da gangan ma yana da lokacinsa. Masana gandun daji sun daɗe da sanin cewa wutar da aka sa da wuri, ciyawa da sauran ɗanyenta, da sanyin yamma, ba ta da zafin kashe itatuwa, kuma tana rage abin da wutar Fabrairu za ta ci. Amma aikin jama'a ne, da sanin dagaci da sarkin noma da arɗo, don ciyawar da manomi ke kira datti ita ce abincin shanun wani har faɗuwar ruwa.

A zaman da za a yi da waɗannan shugabanni ne kuma za a tsayar da wanda zai yi shela in an hango hayaƙi, da wanda zai kwance dabbobin da ke turke, da filin da aka share inda za a kai yara da tsofaffi.