Gasar Firimiyar Najeriya Ta Fara Sanin Lokacinta

Shekara da shekaru, magoyin bayan Kano Pillars ko El-Kanemi Warriors ba ya iya faɗa maka watan da za a buɗe gasar Firimiyar Najeriya, balle ranar rufewa. A sa rana, a ɗage, a sake sawa, a sake ɗagewa. A 2018 an tsaya bayan mako 24 saboda rikicin shugabanci a hukumar ƙwallon Najeriya, NFF, aka miƙa wa Lobi Stars tikitin gasar Zakarun Afirka. A 2020 annobar korona ta katse wasa, Plateau United tana saman teburi.

Abin da ya matsa lamba daga waje ya zo. Hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta daina buga gasanninta na kulob daga farkon shekara zuwa ƙarshenta, ta koma farawa a Agusta da gamawa a Mayu tun kakar 2019/20, kamar yadda ake yi a Turai. Ƙasar da ba ta kammala gasarta da wuri ba, wa za ta tura? Kulob ɗinmu kuwa sukan shiga wasannin share fage ko dai a gajiye, ko kuma bayan dogon hutu, ƙafa ta yi sanyi, a yi waje da su tun zagayen farko.

Gyaran sai da aka yi masa yankan ƙauna. A 2023 kwamitin riƙo ƙarƙashin Gbenga Elegbeleye ya raba kulob 20 gida biyu, goma-goma, aka fara a Janairu, sannan shida suka kara a Legas a watan Yuni, Enyimba ta ɗauki kofinta na tara. Gajeriyar kakar nan ita ta ba da damar daidaita sahu. Ta gaba ta fara a ƙarshen Satumba, Enugu Rangers ta lashe a Yunin 2024. Wadda ta biyo ta fara a ƙarshen Agusta, ta ƙare a Mayun 2025, Remo Stars ta Ikenne ta ci kofi karon farko a tarihinta.

Ni dai ban ce sabon tsarin ba shi da wahala ba. Agusta da Satumba ruwa ne kamar da bakin ƙwarya a Fatakwal da Uyo. Maris da Afrilu kuwa, lokacin da ake fafutukar kofi da gudun faɗuwa, zafi ne a Maiduguri da Kano da Katsina, ga shi yawanci ƙarfe huɗu ake take wasa. A 2024 da 2025 azumi ma a Maris ya kama, ɗan wasa ya sha doguwar tafiya a bas, ya shiga fili da ƙishirwa. Turawan da aka kwaikwaya sanyin hunturu suke lissafi, ba bazararmu ba.

Duk da haka, ribar ta fi. Ɗan wasa ya san lokacin da kwantiraginsa zai ƙare, wanda ya yi daidai da buɗe kasuwar ’yan wasa a Turai da Arewacin Afirka. Kamfani ba ya zuba kuɗin talla a gasar da bai san ranarta ba. Abin da ya rage shi ne a gyara fitilun filayen Arewa, a mayar da wasannin bazara da na azumi zuwa dare. Wannan kuma yana hannun gwamnatocin jihohi, tunda su ne masu yawancin kulob ɗin da filayen.