Masu Karanta Cikin Rijiyar Mai

Mai haƙar rijiyar ruwa a ƙauye da kansa yake shiga rami. Yana ganin inda jar ƙasa ta ƙare marmara ta fara, ya damƙi yashi ya ji danshinsa, ya ɗaga kai ya ce wa na sama an kusa cim ma ruwa. Rijiyar man fetur ba ta ba kowa wannan dama. Zurfinta yakan kai mita 3,000 ko fiye, faɗinta a can ƙasa kuwa sau da yawa bai wuce inci takwas da rabi ba, ga shi kuma cike take da laka mai nauyi da ake turawa don ta danne abin da ke ƙasa kada ya yi ambaliya. Kamfani ya kashe maƙudan kuɗi ya haƙa, amma tambayar da ta sa aka yi haƙar tana nan: a wane zurfi man yake, kuma nawa ne? Masu amsa wannan tambaya su ne masu awon rijiya, waɗanda ke zura na'ura a bakin waya har gindin rami, su jawo ta sannu a hankali tana auna duwatsun da take wucewa. Doguwar takardar da ke fitowa da zane-zanen layuka ita ake kira log.

Sana'ar ta samo asali daga 'yan'uwa biyu Faransawa, Conrad da Marcel Schlumberger, 'ya'yan wani mai masaƙa daga yankin Alsace. Conrad, wanda aka haifa a 1878, malamin fiziks ne a makarantar ma'adinai ta Faris. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne duwatsu ba su zama ɗaya ba wajen barin lantarki ya ratsa su: wani yana buɗe masa hanya, wani yana turjewa. A 1912 ya kafa sandunan ƙarfe a filin gidan gonarsu na Val-Richer a Normandi, ya tura lantarki cikin ƙasa, ya zana taswirar yadda yake bi. Ƙanensa Marcel injiniya ne mai hannun ƙira, shi ke mayar da tunanin yayan zuwa na'urar da za ta jure ƙura da ruwan sama. A 1919 mahaifinsu Paul ya ɗauki alkawarin zuba kuɗi har faran 500,000 a cikin binciken, kuma a 1926 suka kafa kamfaninsu a Faris. Duk wannan lokaci a saman ƙasa suke awo, galibi don neman ma'adinai.

Ranar 5 ga Satumba 1927 ne aka fara zura na'urar cikin rijiya, a filin mai na Pechelbronn da ke Alsace. Wanda ya jagoranci aikin surukin Conrad ne, Henri Doll, saurayi ɗan shekara 25, tare da abokan aiki biyu, Roger Jost da Charles Scheibli. Kayan aikin nasu ba su da wani kwarjini. Wayoyi ne da aka haɗa, da nauyin dalma a ƙasa don su nutse cikin laka, da faifan naɗe waya da ake juyawa da hannu. Rijiyar tana da zurfin kusan mita 500. Sai su tsayar da na'urar, su karanta awo, su rubuta, su ja mita ɗaya, su sake tsayawa. Da Doll ya jera lambobin a kan takardar zane ya haɗa ɗigo da ɗigo, sai ga layi yana karkata dama a inda dutse ke turje wa lantarki, yana komawa hagu a inda yumɓu yake. Da aka auna rijiyoyin da ke kusa, sai aka ga irin waɗannan karkace-karkace suna maimaituwa, har ana iya bin shimfiɗar dutse guda daga wannan rijiya zuwa waccan. Kafin wannan rana, hanyar sanin abin da ke ƙasa ita ce a yanko samfurin dutse a fito da shi, aiki mai tsada da cin lokaci. Zuwa 1929 injiniyoyin kamfanin suna awo a Benezuwela da Amurka da Tarayyar Sobiyet, kuma a filayen man Sobiyet na Grozni da Baku ne aka fi saurin rungumar dabarar.

Dalilin da ya sa awon ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Man fetur ba tafki ba ne a ƙarƙashin ƙasa kamar yadda mutane da yawa suke zato. Yana maƙale ne cikin ƙananan gurabe tsakanin ƙwayoyin dutsen yashi ko na farar ƙasa. Ƙwayoyin dutsen ba sa ɗaukar lantarki, mai da iskar gas ma haka. Ruwan gishiri da ke kwance a can ƙasa shi ne ke ɗauka. Saboda haka dutsen da gurabensa ke cike da ruwan gishiri yakan bar lantarki ya wuce salin alin, wanda mai ya cika kuwa sai ya turje. Amma akwai tarko a nan: dutse mai tauri da ba shi da gurabe ko kaɗan shi ma yana turjewa, kuma babu ɗigon mai a cikinsa. A 1931 mutanen Schlumberger suka lura cewa ko ba a tura lantarki ba, allurar na'ura tana motsi da kanta a daidai duwatsun da ruwa ke iya ratsawa. Suka mayar da wannan ya zama layi na biyu a kan takardar awo, kuma haɗuwar layukan biyu ta sa aka fara rarrabe dutse mai amfani da wanda ba shi da shi.

Conrad bai ga cikar aikinsa ba. Ya rasu a Stockholm a 1936, a hanyarsa ta dawowa daga Tarayyar Sobiyet. Sai a 1941, shekara biyar bayan rasuwarsa, ƙungiyar injiniyoyin ma'adinai ta Amurka ta ba shi da Marcel lambar zinariya ta Anthony F. Lucas. Yau ƙungiyar masana ƙasa da injiniyoyi ta Turai, EAGE, tana ba da lambar yabo da sunansa.

Har zuwa ƙarshen shekarun 1930, abin da log ke iya faɗa shi ne “a nan akwai alamar mai.” Bai iya faɗin nawa ba. Wanda ya cike wannan giɓi shi ne Gustavus Archie, injiniyan kamfanin Shell a Amurka, kuma a ganina babu wanda labarinsa ya fi nuna yadda ake yin suna a wannan sana'a kamarsa. Ba na'ura ya ƙera ba. Haƙuri ya yi da aikin da wasu za su raina. Ya tattara samfuran dutsen yashi daga rijiyoyin gaɓar tekun da ke kudancin ƙasar Amurka, aka auna yawan gurabensu, aka cika su da ruwan gishiri, aka auna turjiyarsu ga lantarki, shi kuwa ya yi ta jera sakamakon a kan takardar zane har ya ga ɗigogin suna bin hanya guda. A 1942 aka buga maƙalarsa, 'yar gajeruwa, kuma daga cikinta aka sami lissafin da har gobe ake kira dokar Archie.

Ga yadda take aiki, da lambobin misali. A ce gurabe sun kai kashi 20 cikin 100 na jikin dutse, wato 0.2. Archie ya gano cewa a dutsen yashi da ya daskare, idan aka ninka wannan lamba da kanta, aka raba 1 da abin da ya fito, za a sami kusan yawan ninkin da dutsen ya fi ruwan cikinsa turjiya. A nan 0.2 sau 0.2 ya ba da 0.04, kuma 1 a raba da 0.04 ya ba da 25. Idan turjiyar ruwan gishirin wurin 0.1 ce a ma'aunin om-mita, to dutsen da ruwa zalla ya cika ya kamata ya nuna 2.5. Sai ga log ya nuna 40. Ke nan wani abu da ba ya ɗaukar lantarki ya kori yawancin ruwan. A raba 2.5 da 40, a sami 0.0625, a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan, ita ce 0.25. Ma'ana ruwa ya riƙe rubu'in gurabe kawai, sauran kashi 75 cikin 100 mai ne ko gas. Da wannan ɗan lissafi, da kaurin shimfiɗar dutsen da faɗinta, ake ƙiyasta gangar mai nawa ke kwance, kuma a kan ƙiyasin ne banki ke ba da bashi, gwamnati ke tsara kasafi, kamfani ke yanke shawarar ya sa bututu ko ya toshe rami da siminti ya kama gabansa.

Ƙungiyar injiniyoyin man fetur, SPE, ta ba Archie lambar Lester C. Uren a 1964, shekara 22 bayan maƙalar, kuma bayan rasuwarsa a 1978 aka kafa tallafin karatu da sunansa. Amma duk wanda ya taɓa zama da masu fassara log ya san cewa girmamawar da ta fi waɗannan ita ce yadda sunansa ke fita daga bakinsu kullum. Za ka ji ana cewa a fara da Archie tukuna a ga abin da zai bayar, kamar yana zaune a ɗakin.

Doll kuwa ya ci gaba da ƙirƙira har tsufansa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki a kan na'urar gano nakiya da ake ɗaurawa a gaban motar soja, wadda ke amfani da naɗaɗɗiyar waya ta ji ƙarfe ba tare da ta taɓa shi ba. Bayan yaƙi sai ya kai wannan dabara cikin rijiya. Matsalar da ake fama da ita ita ce wasu rijiyoyin da lakar da aka kwaɓa da mai ake haƙa su, ita kuwa ba ta ɗaukar lantarki, don haka tsohuwar na'ura ba ta da hanyar isa ga dutse. Sabuwar tana haifar da lantarki a cikin dutsen daga nesa ta hanyar maganaɗisu. Ya bayyana ta a maƙala a 1949. Da ya yi ritaya a 1967, aka sa sunansa a cibiyar binciken da ya jagoranta a Ridgefield ta jihar Connecticut. Akwai kuma wanda ya ratsa ta cikin sana'ar ya wuce: Bruno Pontecorvo, ɗalibin Enrico Fermi, wanda gudun hijira ya kai shi Tulsa a jihar Oklahoma, inda a 1941 ya fito da awon rijiya da ƙwayoyin nutiron. Duniya ta fi saninsa da binciken ƙwayar nutirino, amma masu awon rijiya har yau suna auna gurabe da dabarar da ya fara.

Yanzu sana'ar tana da ƙungiyoyinta da ke tantance gwanaye. Ƙungiyar masu binciken ƙarƙashin ƙasa, SEG, an kafa ta a Houston a 1930, kuma babbar lambarta, ta Maurice Ewing, an fara ba da ita a 1978 ga Cecil Green, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Texas Instruments. Masu fassara log suka kafa tasu, SPWLA, a Tulsa a 1959, tana da mujalla da taron shekara-shekara da lambar zinariya. A galibin waɗannan lambobi abokan sana'a ne ke gabatar da sunan mutum, kwamiti ya duba abin da ya buga da abin da ya ƙirƙira da waɗanda ya horar. Wannan tsari yana da kyau, domin yabon wanda ya san wahalar abu ya fi nauyi.

Sai dai akwai abin da ke damuna game da shi. Log dukiyar kamfani ce, kuma sirri ce. Mai fassara zai iya gano shimfiɗar mai da kowa ya tsallake a tsohuwar rijiya, ya ceto filin da aka kusa rufewa, amma in kamfani bai yarda a buga ba, babu kwamitin da zai ji labari. Haka nan injiniyan fili, wanda ake tasa tsakar dare domin haƙa ta tsaya kuma kowace sa'a kuɗi ce. Yana zaune cikin 'yar rumfar mota idonsa a kan allo, kunnensa a kan ƙarar faifan waya, yana lura da ma'aunin nauyi, domin in nauyin ya yi tsalle to na'ura ta maƙale a ƙasa, wataƙila da sinadari mai tururin nukiliya a cikinta. Shi ne ke gwada na'urar kafin ta shiga da bayan ta fito, shi ne ke sake auna wani sashe don ya tabbata layi na biyu ya hau kan na farko. In ya yi sakaci, duk lissafin da za a ɗora a kai ya tashi a banza. Sunansa yana saman takardar awo, kuma yawanci nan ya tsaya.

Mu ma wannan aiki ya shafe mu. Tun daga rijiyar Oloibiri ta 1956, man da ake haƙowa a Neja Delta yana cikin shimfiɗun yashi da yumɓu masu hawa kan juna, kuma yumɓu yana rikita lissafin Archie, domin shi ma yana ɗaukar lantarki, sai ya sa dutse mai mai ya yi kama da mai ruwa. Wasu masana biyu na Shell, Waxman da Smits, sun fito da gyaran wannan a 1968, amma kowane fili da irin yumɓunsa, sai an zauna an koye shi. Da kamfanin NNPC ya sanar a 2019 cewa ya sami mai da gas a rijiyar Kolmani da ke tsakanin Bauchi da Gombe, ko kuma da aka buɗe matatar Zinder a 2011 don tace man Agadem, a bayan kowace sanarwa akwai mutanen da suka zauna da log suna gardama a kan abin da layukan ke nufi. Ƙungiyar masu binciken mai ta Najeriya, NAPE, wadda aka kafa a 1975, tana karrama irin waɗannan gwanaye a taronta na shekara-shekara, kuma ɗalibin ilimin ƙasa a Zariya ko Maiduguri ko Yamai da ke son shiga sahunsu zai fara ne da koyon karanta layin turjiya da na yumɓu a kan tsohuwar takardar awo, da fensir a hannu.