Madogarin da Za a Cire: Shawara Ga Masu Haɗa Firinta 3D da Hannunsu

Duk wanda ya bi Titin Zariya ta Gyaɗi-Gyaɗi ya karya zuwa Tarauni, da wuya ya rasa ganin benen da ake ginawa. In ya leƙa ƙarƙashin inda aka zuba kankare, zai ga gora da katako an jera su tsaye tsaye. Waɗannan ba su cikin ginin. Aikinsu su riƙe kankaren har ya yi ƙarfi, bayan mako biyu ko uku kafinta ya zo ya ƙwanƙwashe su. Kafinta mai hankali yakan yi tunanin ranar cirewa tun ranar kafawa. Shi ya sa yake shafa wa katako baƙin mai kafin a zuba kankare, ba ya kuma buga ƙusa inda hannunsa ba zai kai ba daga baya.

Mun kawo wannan misali ne saboda tambayar da waɗansu matasa masu karanta wannan takarda suka aiko mana. Sun haɗa injin nan da ake kira firinta 3D da hannunsu, suna so su riƙa yi wa manoman ƙauyukansu ƙananan kayan gyara, kamar mahaɗin bututun ban ruwa da faifan injin shuka. Amma sun ce sau da yawa abu yakan fito da kyau, sai wajen ɓamɓare madogarinsa ya karye, roba da lokaci su tafi a banza. Suna tambaya wace irin roba ce ta dace da madogari.

Yadda injin yake aiki

Ga waɗanda ba su taɓa ganinsa ba, wannan inji ba takarda yake bugawa ba, abu yake ginawa da roba. Ana sa masa zaren roba mai kaurin milimita 1.75. Zaren ya bi ta wani baki mai zafi ya narke, ya fito ta wata huda wadda ba ta kai rabin milimita ba. Bakin yana yawo a kan faranti yadda kwamfuta ta umarce shi, ya shimfiɗa sahu ɗaya, ya ɗaga kaɗan, ya shimfiɗa wani a kansa, kamar yadda mai ginin tukunya take ɗora yumɓu bisa yumɓu. Sahu biyar ne suke yin tsayin milimita ɗaya a yawancin aiki.

A shekarar 2005 wani malami a Jami'ar Bath ta Ingila, Adrian Bowyer, ya soma shirin RepRap, ya saki zanen injin kyauta domin kowa ya haɗa nasa. A 2013 kuma Afate Gnikou ya haɗa irinsa a birnin Lome ta ƙasar Togo da tarkacen tsofaffin kwamfutoci da injunan buga takarda. Watau wanda ya iya gyaran waya ko kwamfuta, irin samarin kasuwar Fam Santa a Tarauni, ba abin da zai gagare shi ba ne.

Dalilin madogari

Ba a gini a kan iska. Kowane sahu sai ya sami abin da zai zauna a kai. Maginan gargajiya sun san haka. Ku dubi bakan gizo na Gidan Makama: ana miƙo azara kaɗan kaɗan, kowane hawa ya ɗan wuce na ƙasansa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Injin ma haka yake iya yi. Muddin karkatar bangon abin ba ta wuce digiri 45 ba, watau rabin tsakanin tsaye da kwance, sabon sahu zai sami mazauni. In ta wuce haka, narkakkiyar roba sai ta zubo kamar taliya. A nan ne injin yake gina wa wurin madogari na wucin gadi, wanda za a cire bayan an gama.

Madogari mai kyau yana da halaye biyu masu jan juna. Dole ya kama abin sosai har a gama aiki, dole kuma ya sake shi ba gardama. Akwai hanya huɗu da ake bi.

Ta farko: robar aikin kanta

Wannan ita ce hanyar mai inji mai baki ɗaya, kuma yawancin injunan haɗin gida haka suke. Robar da aka fi amfani da ita sunanta PLA, ana yin ta daga sitacin masara ko daga rake, tana fita da kyau in zafin bakin yana tsakanin digiri 190 da 220. Da yake abin da madogarinsa roba ɗaya ne, in suka taɓa juna sai su zama ɗaya. Maganin wannan shi ne 'yar tazara. A cikin manhajar da take shirya aikin, irin su Cura ko PrusaSlicer, waɗanda kyauta ne, akan bar tazarar kamar sahu ɗaya, wajen milimita 0.2, tsakanin kan madogari da ƙasan abin. Wannan tazara ita ce baƙin man kafinta. In ta yi kaɗan, sai an sa wuƙa, abin kuma ya sami tabo. In ta yi yawa, ƙasan abin ya lotsa. Kada a cika cikin madogari, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ya isa. Akwai kuma irin da yake tashi kamar bishiya mai rassa, yana taɓa abin a wurare kaɗan, ba ya cin roba da yawa.

Aibinta biyu ne. Wurin da madogari ya taɓa yakan yi kaushi, sai an goge da samfefa. Kuma duk inda filaya ba za ta shiga ba, madogari ya zauna ke nan.

Ta biyu: robar da take narkewa a ruwa

Sunanta PVA. Masu zubin tagulla na Ife da Binin sukan siffata abu da kakin zuma, su rufe shi da yumɓu, su gasa, kakin ya narke ya fita ya bar gurbi. Wannan dabara kusan ɗaya ce, sai dai ruwa ne yake fitar da robar. In an gama aiki a tsoma abin cikin ruwa mai ɗumi ɗumi, a bar shi sa'o'i, wani lokaci har ya kwana, ana sake ruwan. Madogarin zai narke ko da yana can cikin lungu. Kada a sa ruwan zafi, gama PLA takan yi laushi tun wajen digiri 60.

PVA ta dace da PLA domin zafinsu ya yi kusa. Amma tana bukatar inji mai baki biyu, kuɗinta ya ninka na PLA, kuma daga waje ake kawo ta. Babbar matsalarta a wurinmu ita ce laima. Tana shan danshin iska kamar gishiri. Da hunturu ba ta da damuwa sosai, amma a watan Agusta in aka bar ta a fili sai ta yi laushi tana danƙo, tana ƙara ƙas ƙas a bakin injin, ta toshe shi. A ajiye ta a bokiti mai murfin da yake kamawa, tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi. Kada kuma a bar ta cikin baki mai zafi ba a aiki, takan ƙone ta daskare. Mai son tattali ya yi jikin madogarin da PLA, ya sa PVA a 'yan sahu na sama kaɗai inda ake taɓa abin. Ruwan da aka narkar da ita kuma kada a zuba shi kusa da rijiya ko a kwamin dabbobi.

Ta uku: robar da take narkewa a magani

Sunanta HIPS, ita ce abokiyar tafiyar robar ABS, gama su biyun suna son zafin baki wajen digiri 230 zuwa 240, da faranti mai zafin kusan 100. Ba ta narkewa a ruwa, sai a wani mai da ake tatsa daga ɓawon lemo, sunansa limonin. Ba mu ba mai injin gida shawarar wannan hanya. Man yana da wuyar samu, yana kama wuta, yana cin fata. ABS da HIPS suna fitar da wari marar kyau ga lafiya sa'ad da suke narkewa, ABS kuma takan tanƙware in iska tana bugun ta. Kada wani ya ce zai gwada fetur ko sina a madadin limonin, zai lalata abin, ya kuma jawo wa shagonsa gobara.

Ga wani gargaɗi. Yawancin bakunan injin masu araha suna da ɗan bututun Teflon a ciki, wanda yake soma lalacewa in zafi ya wuce wajen digiri 250. Hayaƙinsa yana cutar da mutum, tsuntsaye kuwa kashe su yake yi. Wanda yake kiwon kaji kada ya ajiye injin kusa da akurki.

Ta huɗu: roba biyu da ba sa shiri

PLA da PETG ba sa mannewa da juna sosai. PETG 'yar'uwar robar gorar ruwa ce. In abin na PETG ne, sai a yi sahun saman madogari da PLA, ko a juya. A nan ba a bukatar tazara ko kaɗan, madogarin zai ɓare kamar ɓawon dafaffen ƙwai, ƙasan abin ya fito sumul. Mai baki ɗaya ma zai iya, in kan madogarin a shimfiɗe yake a tsayi ɗaya: ya tsai da injin, ya sauya zare da hannu, ya sake sauyawa bayan sahu biyu. Sai dai a tura sabuwar robar da yawa har ta wanke tsohuwar daga bakin. In sun gauraya a jikin abin, a nan zai tsage.

Kafin a kunna injin

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Mu ɗauki mahaɗin bututu mai baki uku. In aka tsai da shi, reshen gefe yana rataye a iska, injin zai cika cikinsa da madogari. Ɗan guntun da ya maƙale a ciki zai tare yashi da ciyawa, ruwa ya daina kaiwa ƙarshen kunya, mai gona kuma ba zai sake zuwa ba. Saboda haka a yi waɗannan tambayoyi:

1. Za a iya juya abin ya kwanta ta yadda ba ya bukatar madogari? A tuna cewa abu yakan tsage ne ta tsakanin sahu, kamar yadda itace yake faskaruwa, don haka kada kwanciyar ta sa wurin da zai ɗauki nauyi ya zama mai rauni.

2. Za a iya gyara zanen? Rami mai kwance in an yi samansa da tsini kamar ɗigon ruwa, yana tsayawa da kansa. Gajeren tsallake na santimita ɗaya kuma injin yakan ja roba ya haye, in fankarsa tana hurawa sosai.

3. Za a iya raba abin biyu, a buga kowane ɓari a kwance, a haɗa da gam ko noti?

4. In dole sai da madogari, filaya za ta kai wurin? In za ta kai, robar aikin ta isa. In ba za ta kai ba, sai PVA.

5. Ina za a yi amfani da abin? Abin da zai wuni a rana a gona kada a yi shi da PLA, PETG ta fi jurewa. To, madogarin sai ya bi robar da aka zaɓa.

Kada a manta da wuta. Madogari yana ƙara tsawon aiki, kuma in aka ɗauke wuta a tsakiya, yawancin injunan gida ba sa iya ci gaba daga inda suka tsaya. Rage madogari rage hasara ne, ko da janareta ake aiki ko da batirin sola.

Shawararmu

Mai inji mai baki ɗaya kada ya kashe kuɗinsa a kan roba mai narkewa tukuna. Ya buga ɗan ƙaramin abin gwaji mai siffar T sau uku, da tazarar 0.15, da 0.2, da 0.25, ya ɓamɓare kowanne da hannu, ya rubuta wadda ta fi a littafi tare da sunan robar da zafin bakin. Kowane injin gida da halinsa, lambar wani ba lallai ta yi maka ba. In an sayo sabon ƙunshin roba a sake gwajin, gama sai an gwada akan san na ƙwarai. Wanda ya ƙware a wannan, ya kuma sami aikin da yake da lungu da yawa, sa'an nan ya yi tunanin ƙara baki na biyu.

Duk wanda ya gwada, ya rubuto mana abin da ya gani, domin sauran 'yan'uwa su amfana.