GARGAƊI: A Gaggauta Auna Iskar Radon a Ruwan Shan Kankiya da Kusada

Zuwa ga hakimai, dagatai, masu unguwanni, limamai, magidanta da masu sayar da ruwa na Kankiya, Kafin Soli, Rimaye, Kusada, Yashe, Mawashi da kewaye.

Ruwan burtsatse kan fito garau, amma ya taho da wata iska mai lahani da ake kira radon. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Na'ura kaɗai ke gano ta. Don haka muke kira da a auna ruwan kowace rijiyar burtsatse da famfon tuƙa-tuƙa ba tare da jinkiri ba.

Me ya sa abin ya shafe mu?

Tsakiyar Jihar Katsina zaune take kan tsohon dutse, irin falalen da ke leƙowa a gonakinmu. Irin wannan dutse kan ƙunshi ɗan yuraniyom, wanda ke rikiɗa sannu a hankali har ya haifar da radon. Iskar sai ta narke a ruwan da ke kwance cikin tsagin dutse, daga can kuwa burtsatse ke zuƙowa. Rijiyoyi biyu a unguwa ɗaya kan sha bamban, saboda haka awon ta maƙwabci ba ya wanke taka.

Ina haɗarin yake?

Illar shaƙar radon ta fi ta shanta nesa ba kusa ba. Idan ana wanka, wanki ko girki a rufaffen ɗaki, iskar kan fice daga ruwa ta taru. Ba ta sa zazzaɓi ko ciwon kai da za su ankarar da mutum. Shekara da shekaru take yi tana lalata huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce radon ke haddasa kashi 3 zuwa 14 cikin ɗari na ciwon dajin huhu, gwargwadon ƙasa, kuma haɗarin mai shan taba ya ninka na wanda ba ya sha kusan sau 25.

Yaya ake awon?

Ana lissafa radon da ma'aunin bekarel a kowace lita. A 2013 Tarayyar Turai ta sa bekarel 100 a matsayin mizanin ruwan sha. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da na'urar wannan aiki. Kada a cika gora a jefa a mota a ce an ɗebi samfur: radon na tserewa da zarar an girgiza ruwa, kuma rabinta kan ɓace cikin kwana 3.8. Ƙwararru za su ɗiba a bakin famfo, a kwalba mai toshiya, su kai da wuri, in ba haka ba sakamakon zai nuna ƙasa da gaskiya.

Kafin a auna, a kiyaye waɗannan:

1. A tara ruwa a tsakar gida, a juya shi daga bokiti zuwa bokiti, sannan a zuba a randa a rufe da tsabtataccen ƙyalle, ya kwana kafin a sha.
2. In za a tafasa ruwa, a tafasa a fili ko a buɗe tagogin ɗakin girki.
3. A buɗe tagar banɗaki lokacin wanka, musamman inda famfo ke shigowa har ciki.
4. Tankin sama ya kasance da mafitar iska mai raga.
5. Mai shan taba ya daina, balle a cikin ɗaki.
6. Wanda tari ya ƙi sakinsa, ko ya ga jini a majina, ya garzaya asibiti.

Kada kowa ya bar burtsatse ya koma ruwan kududdufi saboda wannan gargaɗi. Gudun gara ke nan a faɗa gidan zago, domin kwalara da taifot cikin 'yan kwanaki ko makonni suke kisa. Radon kuwa tana da magani mai sauƙi: a sa ruwa ya sha iska.

Muna roƙon shugabannin ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada, tare da hukumar samar da ruwa a karkara ta jiha (RUWASSA), su ƙididdige rijiyoyin, su fara awo da na makarantu, asibitoci, masallatai, kasuwanni da masana'antun ruwan leda, a kuma rubuta sakamako a jikin kowane tanki. Limamai su sanar ranar Juma'a. Allah ya kiyaye mu, amin.