Mafitsara da Cututtukanta: Abin da Ya Kamata Falken Shanu Ya Sani

Maganar da zan kawo a wannan fitowa ba a cika yin ta cikin jama'a ba, saboda akwai kunya a ciki. Abin da ya sa na ga lalle a yi ta shi ne abin da ya sami wani abokin fataucinmu, dattijo mai shekara sittin da 'yan kai. Mun ɗauko shanu daga kasuwar Puytenga ta Burkina Faso, muka ƙetare iyaka a Paga. Tun daga nan yake ta roƙon direba ya tsaya. Sai ya sauka ya tsugunna, ya daɗe, ya dawo ba abin da ya fito sai ɗigo. Kafin mu kai Techiman mararsa ta kumbura kamar an kifa ƙwarya, gumi yana ta karyo masa. Da asuba muka shigo Kumasi, ko shanun ba mu sauke ba sai da muka kai shi asibiti. Aka sa masa roba, fitsarin da ya fita ya fi lita guda. Daga baya ne ya gaya mana wai shekara biyu ke nan yana fama, ko mai ɗakinsa bai faɗa wa ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a mayankar Kaase ya ga an feɗe sa, ya san mafitsara. Jaka ce ta tsoka a ƙasan ciki, bayan ƙashin mara. Ba ita ke yin fitsari ba. Ƙoda biyu ne ke tace jini dare da rana, fitsarin ya gangaro ta wasu siraran hanyoyi biyu ya taru a cikinta. Lafiyayyen mutum yakan yi wajen lita ɗaya da rabi a yini. Mafitsarar babba kuwa tana ɗaukar kamar rabin lita, wato leda guda ta ruwan fiya wata da muke saye a tasha. Tun ba ta kai rabi ba mutum zai fara jin matsuwa. A bakinta akwai tsokar da ke riƙe ƙofa, sai ka ba ta izini ta saki. Daga nan fitsari ya bi hanyar fita, wadda tsawonta a namiji ya kai wajen santimita 20, a mace kuwa santimita 4 kacal. Ku riƙe wannan bambanci, za mu dawo kansa.

To, abin da ya kama abokin namu ba daga mafitsarar ya faro ba. A ƙarƙashin mafitsarar namiji akwai wani ɗan nama kamar girman ƙaramin goro, likitoci suna kiransa furostet. Hanyar fitsari ta tsakiyarsa ta ratsa. Idan mutum ya haura hamsin sai naman nan ya fara girma, ya riƙa matse hanya, kamar ka taka tiyon ruwa da ƙafa. Wajen rabin mazan da suka kai shekara 60 suna da wannan girma, ko da ba duka ke jin wahalarsa ba. Alamominsa sanannu ne: ka tsugunna sai ka jira kafin ya zo, ya zo ba ƙarfi, ya yanke ya dawo, ka tashi kana jin da saura, da dare ka tashi sau uku sau huɗu. Mafitsara tana ta yunƙuri tana kauri, har wata rana ta gaza. Ranar gazawar nan sau da yawa ranar tafiya ce, domin an riƙe fitsari an cika ta fiye da kima. Maganin mura irin mai buɗe hanci ko mai sa barci yana iya jawo toshewar, haka ma tiramol ɗin da wasu ke haɗiya don su jure zaman kan mota.

Idan fitsari ya tsaya cak kuma mara ta kumbura, ba abin jira ba ne, kuma ba abin jiƙe-jiƙe ba ne. Duk abin da ka ɗura masa ƙara wa jakar kaya kake yi. Roba ce magani a wannan lokaci, kuma ba sai an kai Kumasi ba. Daga Paga zuwa nan ya fi kilomita 500, akwai asibiti a Navrongo, da Bolgatanga, da Tamale, da Kintampo, da Techiman. Mu kanmu kuskure muka yi da muka biye wa dattijon da ya ce a bari sai an isa gida. Idan fitsari ya daɗe yana taruwa yakan koma baya ya lalata ƙoda, ita kuwa ƙoda in ta tafi wanke jini ake shiga, kuɗin garke guda ba ya isa. Girman furostet yawanci ba daji ba ne, akwai ƙwayoyin da ke sassauta shi, akwai kuma aikin da ake kankare shi ta hanyar fitsari ba tare da an tsaga ciki ba. Amma akwai dajin furostet ma, alamunsu kuma suna kama, sai gwaji ke rabewa.

Na san abin da ya fi damun dattawanmu a nan shi ne tsarki. Mutum ya yi istibra'i ya yi alwala, yana tayar da salla sai ya ji ɗigo. Wannan malamai sun daɗe da yin bayaninsa, shi ne salasul bauli, mun karanta a Risala tun muna yara, kuma an yi wa mai shi sauƙi. A tambayi malami hukuncin, sannan a tambayi likita dalilin. Ɗayan ba ya ɗauke ɗayan.

Yanzu sai tsargiya, wadda a ganina ita ce ciwon mafitsara na masu bin dabbobi. Wa ke shiga tafki ya shayar da shanu? Wa ke wanka a kududdufi bayan an sauke kaya? Mu ne da yaranmu. Tsutsa ce ke kawo ta, wani likitan Jamus mai suna Theodor Bilharz ya fara ganinta a Alkahira a 1851, shi ya sa Turawa ke kiran ciwon da sunansa. Yadda take yawo kuwa abin mamaki ne. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwai su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi da ke maƙale a ciyawar gaɓa. A can suke yawaita su fito dubbai. Kai kuma ka shiga ruwan, ko da iyakar idon sawu ne, su huda fata su shige. Ba sai ka sha ba. A cikin jiki su girma su je su zauna a jijiyoyin jinin da suka kewaye mafitsara, suna zuba ƙwai shekara da shekaru. Ƙwan yana da ƙaya, shi ke tsaga bangon mafitsara, shi ya sa jinin ke zuwa a ƙarshen fitsari.

Tsofaffin fatake da suka koro shanu da ƙafa ta Salaga da Yeji da Prang har Kumasi sun san kogin Volta lokacin yana gudu. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965 ruwa ya kwanta ya zama tafki mai faɗin murabba'in kilomita wajen 8,500, ciyawa ta cika gaɓa, dodon koɗi ya sami gida. Cikin 'yan shekaru, ƙauyukan da a da tsargiya ba ta dame su ba sai ga yawancin yaransu suna fitsarin jini. Irin haka ake gani a wuraren noman rani kamar Tono kusa da Navrongo da Vea kusa da Bolgatanga, haka ma Kadawa a ƙasar Kano. Ruwan da ya kwanta shi ne abin tsoro. Ruwan rijiya da na famfo ba su da ita. Idan dole ne sai na tafki, a ɗiba a tafasa, ko a ajiye shi kwana biyu kafin a yi wanka, 'ya'yan tsutsar ba sa wuce haka da rai.

Wasu har yau suna ɗaukar fitsarin jini a yaro alamar balaga ce. Wallahi ba haka ba ne. Jinin yakan ɗauke da kansa in an girma, sai a ce an warke, alhali ƙwan yana nan yana mayar da bangon mafitsara tabo. Ƙarshenta hanyar da ta taho daga ƙoda ta tsuke, ko kuma bayan shekara ashirin, talatin, daji ya tsiro a wurin. Abin takaici, maganin mai sauƙi ne. Sunansa furazikwantel, ana auna nauyin mutum a ba shi, yawanci sha ɗaya ne, bayan an ci abinci. Shi ne wanda ma'aikatan lafiya ke rabawa a makarantu. Sai dai ba ya hana sake kamuwa, in ka koma tafkin ka koma ciwon. Wanda zai kai fitsari gwaji, ya ba da na tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, har da ɗigon ƙarshe, lokacin ne aka fi samun ƙwan.

Babban mutum kuwa da ya ga jini a fitsari, musamman jini ba zafi, kada ya ce ai tsargiyar yarinta ce ta motsa. Ko sau ɗaya ya gani ya je a duba, balle in mai shan taba ne, don taba ce kan gaba wajen jawo dajin mafitsara a duniya.

Akwai kuma ƙwayoyin cuta da ke hawa hanyar fitsari su shiga mafitsara. Mutum ya ji zafi kamar barkono, yana yi kaɗan-kaɗan, fitsarin ya yi kauri da wari. Mata ya fi kamawa saboda gajartar hanyar da na ambata. Idan matarka ta yi wannan kuka, kada ka yi saurin kawo zargi, sau da yawa ba ruwansa da ciwon sanyin da ake ɗauka wajen kwanciya. Mai ciki dai a kai ta asibiti da wuri. Namiji kuma in abin yana yawan dawo masa, akwai dalili a ƙasa: ko furostet, ko tsakuwa, ko ciwon suga, ko hanyar ta tsuke saboda tsohon ciwon sanyin da ba a yi wa magani sosai ba. Kafson tupaye da ake saye a faranti a tasha, a sha biyu a bari, ba ya kashe cutar, sai dai ya koya mata jure magani. In zazzaɓi da ciwon kwiɓi suka shigo, to abin ya hau ƙoda.

Tsakuwa tana taruwa ne idan fitsari ya yi kauri ko yana kwana a mafitsara. Mu kuwa mun saba ƙin shan ruwa a hanya don kada mu tsayar da mota, sai goro da shayi, su kuma ƙara matsuwa suke yi. Dubi kalar fitsarinka. In ya yi ja kamar shayi, ruwa ya yi maka kaɗan. Direban da ya ƙi tsayawa minti biyar, ku masu kaya ku tsayar da shi, ku ne kuka biya kuɗin mota.

Yoyon fitsari na mata kuwa doguwar naƙuda ke kawo shi, kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara har ta huje. Ana ɗinke shi. Asibitin Babbar Ruga a Katsina ya shahara a kan wannan aiki, a nan Gana ma ana yi a Tamale. Wanda ke tafiya ya bar mai tsohon ciki a gida, ya bar kuɗin mota da izinin zuwa asibiti kafin ya fita.

Bari in taɓa dabbobi, tunda a nan dukiyarmu take. Ragon layya da aka ɗaure ana ɗura masa dusa da hatsi, ba harawa ba isasshen ruwa, shi ne tsakuwa ta fi kamawa, haka ma dabbar da aka dandaƙe tun tana ƙarama, don hanyarta ba ta buɗe sosai ba. Hanyar fitsarin rago da sa tana da lanƙwasa, ta rago kuma a ƙarshenta akwai wani siririn zare, a nan tsakuwar ke maƙalewa. Za ka ga yana miƙe jiki, yana yunƙuri, yana harbin cikinsa, ya ƙi abinci, gashin gabansa a bushe ko da ɗan farin yashi a jiki. Wanda bai sani ba sai ya ce kashi ne ya ƙi fita. Bayan kwana biyu ko uku sai ka ga ya natsu kamar ya samu sauƙi. To wannan natsuwar ita ce mafi muni, mafitsara ce ta fashe, fitsari yana zuba cikin ciki. Ko an yanka, naman zarnin fitsari yake, masu duba nama ba za su bari ya fita ba. Tun a ranar farko a kira likitan dabbobi, sau da yawa yanke zaren nan kaɗai yana buɗe hanya. Rigakafi shi ne ruwa mai tsabta kullum a gabansa, harawa ko ciyawa ta rinjayi dusa, da ɗan gishiri don ya riƙa sha. Mai sayen rago ana gab da Salla ya tsaya ya ga ya yi fitsari kafin ya biya.

Jan fitsari a shanu kuma yawanci ba daga mafitsara yake ba. Ciwon kaska ne mai farfasa jini, yana zuwa da zazzaɓi, cikin ido ya yi fari ko rawaya, kuma yana da allurarsa a wajen likitan dabbobi.

Mu mazauna Asawase da Aboabo da Sabon Zongo, asibitin Manhyia yana kusa, a can za a fara gwajin fitsari da na suga. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura mutum Komfo Anokye, wanda muke kira Ji, inda likitocin mafitsara suke. A tafi da katin inshorar lafiya, a duba bai mutu ba. Likita zai tambaya sau nawa kake tashi da dare, da ko jinin a farko yake zuwa ko a ƙarshe, da ruwayen da ka shiga, da duk maganin da kake sha, har na gargajiya. Wanda Turanci ko Tuwi bai zauna masa ba, ya tafi da ɗan'uwan da ba ya jin nauyin yin wannan magana a gabansa.